Shekarar da Rama Ta Ƙi Ruɓewa

Wanda bai taɓa jiƙa rama ba zai ɗauka wari abin gudu ne. A wurinmu wari albishir ne. In ka nutsar da dammunan rama a kududdufi, ka danne su da kututture da buhunan ƙasa, kwana uku zuwa huɗu ruwan zai fara tsattsafo da kumfa, ya yi baƙi, ya soma wani ɗoyi da ke tarar mutum tun daga bakin hanya. Masu wucewa su toshe hanci da gefen mayafi, ni kuwa in ce alhamdu lillahi. Kwana goma, in ruwan da ɗumi, sai ka sa farce ka ja ɓawon ya saɓule daga jikin kara kamar an zare hannu daga riga. Shi za a wanke, a shanya, a tuƙa igiya.

Tun ina yarinya a Gafasa nake wannan aiki tare da uwata. Aka kawo ni aure ƙauyen nan na wajen Balan, na ci gaba. Maigidana ya rasu ya bar ni a kai. Yanzu igiyar roba ta cika kasuwa, amma har gobe mai hankali, in zai ɗaure jinka ko ya yi wa akuya talala, ta rama yake nema, don ba ta cin wuyan dabba. A unguwarmu mu biyu muka rage muna yi, ni da maƙwabciyata, wata Bafulatana sa'ata. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, saboda haka tun ranar da muka san juna ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ita ta ce ni baiwar kakanta ce, ni in ce nata kakan da ƙwaryar gero ɗaya muka saye shi, kuma an cuce mu.

Shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke da wuri. Muka yanke ramar da muka shuka a gefen gonakin gyaɗa, nawa dami ashirin da biyu, nata goma sha huɗu, muka nutsar a kududdufin bayan gari inda muka saba. Aikin shekara guda ke nan a cikin ruwan.

Kwana huɗu, ba wari. Na ce ko sanyin safiya ne ya fara. Kwana bakwai, ba wari. Ranar kwana goma na tattare zane na shiga har gwiwa, na zaro kara ɗaya, na sa farce. Ɓawon ya riƙe gam, kamar jiya aka yanko shi. Na tsaya ina duban ruwan. Ya yi garau, har ana hango ƙasa, abin da ban taɓa gani ba a kududdufin da ke da rama a ciki. Kainuwar gefe ta yi ja ta lanƙwashe. Babu 'ya'yan kwaɗi ko ɗaya. Can gefen yamma wata farar kumfa ta taru, irin wadda ba ta fashewa. Na ɗebo ruwan a tafin hannu na sunsuna, sai na ji wani abu kamar warin asibiti.

Magabata suka ce ruwa ba ya tsami banza. Ni kuma ranar na ce a raina, ƙin tsamin ma ba banza ba.

Maƙwabciyata tana tsaye a gaɓa, hannu a ƙugu.

"To Babarbariya, me kika yi wa ruwan? Na san dai bakinku."

"In da bakina na kashe ruwa, da ke na fara."

"Bar wasa. Mu kwashe mu kai Gafasa. Babban kududdufin can na danginki ne, ba za su hana ki ba. Wannan ko wata guda ba zai ƙara ba zai ƙafe."

Gaskiya ta faɗa. In ruwa ya janye ya bar rama a fili ba ta ruɓe ba, ta tashi daga aiki, ba ta igiya, sai dai hura wuta. Amma na ce mata ta ba ni 'yan kwanaki. Ban gaya mata dalili ba.

Dalilin kuwa ɗana ne na fari. Ba na kiran sunansa, ba na zancensa a gaban mutane, haka aka tashe mu. Sana'arsa sayo manyan jarkoki shuɗɗa da kamfanonin Kano suka gama da su, ya wanke, ya kai kasuwar Ajingi masu ajiyar ruwa su saya. Da a famfon burtsatse yake wankewa. A wancan makon famfon ya lalace. Kwana biyu da nutsar da ramarmu, ina tsinkar gyaɗa a bayan danga, na hango shi ya kai jarkoki cike da amalanke bakin kududdufi yana ɗauraya. Na gani, na yi shiru, don a lokacin ban ɗauke shi komai ba.

To amma ganin ya wanke jarka daban, sanin cewa jarkar ce ta kashe ruwan daban. Ni ba na ɗora wa mutum laifi da zato, ko da ni na haife shi. Kuma akwai abin da ya fi laifin damuna. Duk abin da na san yana faɗawa kududdufin nan ƙarewa yake yi. Mushen kaza ya faɗa, mako biyu sai gashi. Ganye, kashin shanu, tsumma, duk ruwan yana cinye su. Leda ce kaɗai na ga ta gagare shi, shekara da shekaru tana nan yadda take. Shi wannan maganin na cikin jarka, wane ne danginsa, kaza ko leda? In dangin kaza ne, ruwan zai cinye shi, ramata ta ruɓe a inda take. In dangin leda ne, zaman jira asara ne. Wannan tambaya ta shige mini rai, ina tuƙa tuwo ina juya ta.

Abin da na fara yi, na kafa kara a tsakiyar ruwa na yi masa tsaga-tsaga da wuƙa. Kullum ruwan na sauka kamar faɗin yatsa guda. Na auna da idona, na ga in Allah ya so tsakiyar za ta kai wata guda.

Sannan na shiga zauren ɗan nawa ba ya nan. Akwai jarka ɗaya da bai wanke ba, don murfinta ya tsage. Rubutun jikinta ba ruwana da shi, amma akwai hoto, hoto kuwa kowa na karanta shi: kifi a kwance ciki sama, kusa da bishiyar da ba ganye. Na daɗe ina kallon kifin nan. Na zuba ruwa kwano ɗaya a jarkar, na jijjiga, na juye a wata tsohuwar roba. Warin asibitin nan ne sak, sai dai ya fi ƙarfi, har ido na yaji.

Na ɗauko tukwane biyu sababbi. A nan ne halina ya ci ni. Ni mace ce da ba a shan ruwa a gidana a ga ko ƙwayar tsiro. Na goge tukwanen da toka, na ƙona su da tafasasshen ruwa. Na jawo ruwan rijiya, na tace da farin ƙyalle. Na je gona na yanko kara daga ramar da muka bari ta iri, shi ma na wanke shi, na kwara masa ruwan zafi, wai kada datti ya ruɗa ni. Tukunya ɗaya na zuba mata ludayi guda na ɗaurayar jarka na ɗaura mata jan tsumma a wuya, ɗayar na bar ta haka. Na sa kara a kowace, na rufe da faifai, na ajiye a inuwar rumbu. Kowace safiya in yi ƙulli ɗaya a wata 'yar igiya.

Ƙulli biyar, ba abin da ya motsa. Mai jan tsumma ba ta yi wari ba, wannan na zata. Amma wadda ban sa wa komai ba ita ma shiru, ruwa garau, kara gam. Kaina ya ɗaure. Na ce ko dai ba jarka ba ce, ramar bana ce ta zo da taurin kai? Har na fara jin sanyi a raina cewa ɗana ya fita.

Ina tsugune a gaban tukwanen sai ga Bafulatana ta shigo ba sallama, kamar yadda ta saba.

"Me ake dafawa ba wuta?"

Na gaya mata abin da na yi, ban da zancen inda na samo maganin. Ta buɗe faifai, ta leƙa, ta sa yatsa ta shafi cikin tukunyar da ba magani, yatsan ya yi ƙara don tsafta. Sai ta fashe da dariya har tana dafa rumbu.

"Wayyo Barebari! Allah ya ba ku tsafta ya hana ku wayo. Ke kin taɓa ganin madara ta zama nono ita kaɗai a ƙwaryar da aka ƙone? Sai an ɗiga mata na jiya. Ke da kanki in za ki jiƙa kamu, ba ruwan tsamin jiya kike zubawa ba? Kin kashe tukunya, kin kashe ruwa, kin kashe kara, sannan kin zauna jiran gawa ta yi aiki."

Shekara hamsin ina jiƙa rama, ban taɓa tambayar kaina wa ke ruɓar da ita ba. Na ɗauka ruwa ne. Ashe ruwa gida ne kawai, masu aikin suna cikin taɓo. Kwana biyar na zubar a banza, karan da na kafa kuwa ya nuna yatsa biyar sun tafi.

Ranar Juma'a ce, kuma duk Juma'a bayan an sauko 'yata ta Kano takan kira ni a waya. Ita ce ta uku, tana aiki a inda ake gwada ruwa. Shekarunta goma sha wani abu a wurin, ban taɓa tambayarta me take yi ba, na ɗauka leƙawa suke su ce wannan mai kyau ne, wannan ba kyau. Na kwashe labari na gaya mata, har da kifin.

Sai ta ce, "Inna, kin taɓa ruwan jarkar da hannu?"

"Da ƙafa zan taɓa?"

"Don Allah kada ki sake. Ki sa leda a hannu. A hana awaki sha daga kududdufin. Kuma kada ku kwashe ramar nan ku kai Gafasa, ta sha maganin, sai ku kai musu abin da ya same ku."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Na ga idon matar ƙanena da ke Gafasa ranar da nasu ruwan zai yi garau saboda ni.

Da na zo kan zancen tukwane kuwa sai ta kama dariya, ita ma. Na ce mata in ta gama ta sanar da ni.

"Yi haƙuri Inna, ba ke nake wa ba. Aikinmu ke nan kika yi, wallahi. In aka kawo mana sinadarin kamfani ana son a san ko ruwa zai cinye shi, kwalabe muke jerawa kamar tukwanenki. Mu zuba ruwa, mu ɗiga sinadarin kaɗan, mu sa iri, mu toshe, mu ajiye a duhu. Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke ci. In suna ci suna shaƙar iskar da ke cikin ruwan, mu kuma iskar muke aunawa mu ga nawa ta ragu."

"Irin fa, a ina kuke saye?"

"Ba a saye. Inda ruwan kwatar gari ke taruwa muke zuwa mu ɗebo."

"Kwata? Duk karatun nan da ubanki ya sayar da bijimi saboda shi, kwata kike yasa?"

"Da farar riga ma, Inna."

Ta ce kullum sukan bar kwalba ɗaya ba sinadari, wata kuma su sa mata abin da kowa ya san yana ruɓewa da sauri, don in ita ma ta ƙi, sun san irin ne ya mutu, ba sinadarin ne ya gagara ba. Na ce wannan darasin na riga na biya kuɗinsa da kwana biyar. Ta ce wani sinadarin in ya yi yawa yakan kashe masu cin nasa, in kuwa ya tsarku da ruwa sosai sai su fi ƙarfinsa, wani kuma ko yaya aka yi ba ya ciwuwa. Na tambaye ta namu wanne ne. Ta ce ba za ta sani ba sai ta gwada.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da takwas."

"Ashirin da takwas! Kududdufin ƙaninki ne da zai zauna jiranki?"

"To Inna, ki bi tukwanenki. Amma wannan karon ki bar tsaftar nan taki a ɗaki."

Washegari na hau babur na bi ta Ajingi na isa Gafasa da bokiti. Matar ƙanena ta ga na wuce ɗaki na nufi bakin ruwa, ta biyo ni tana cewa, "Yaya, mutane na zuwa kaka neman hatsi, ke taɓo?" Na ce mata ta ɗebo mini daga ƙarƙashin ramarsu, inda ya fi baƙi da ɗoyi. Mai babur ya so ya ƙi ɗaukata da bokitin. Na dube shi sau ɗaya, ya tayar.

Tukunyar nan mai jan tsumma, mai magani a ruwa mai tsafta, ban taɓa ta ba, na bar ta yadda take. Na jera wasu uku kusa da ita, kowace na sa mata taɓon Gafasa cikin tafi biyu da sabon kara, ba wanki. Ta farko ruwan rijiya kawai, ba magani, na kira ta shaida. Ta biyu ruwan rijiya da ludayi guda na maganin, daidai da na mai jan tsumma, bambancinsu taɓo kawai. Ta uku na cika ta da ruwan kududdufinmu. Ita ce mai ba da hukunci, sauran rakiya suka yi mata. Na ɗauki sabuwar igiyar ƙulli.

Kowace safiya bayan na idar da salla abu uku nake yi wa kowace: in sunsuna, in motsa da tsinke in ga kumfa, in sa farce a kara ta cikin leda. Ban taɓa ɗokin wayewar gari irin na kwanakin nan ba, ko ina amarya.

Ƙulli uku, shaida ta yi ɗoyi. Na ji daɗi, iri na da rai, ramar bana kuma ba ta da laifi. Sai dai daɗin bai cika ba, don in rama ba ta da laifi, na san mai shi.

Ƙulli huɗu, sauran shiru. Ƙulli biyar, na sa hanci a ta kududdufi na rasa warin asibiti. Na ce ko hancina ne ya saba, sai na sunsuni mai jan tsumma, ya buge ni har na yi atishawa. Ashe hancin lafiya lau.

Ranar nan da hantsi maƙwabciyata ta zo, ba dariya a fuskarta.

"Na yi magana da mai amalanke. Gobe zan kwashe nawa. Ba zan zuba ido aikin shekara ya bushe ina kallon tukwane ba."

"In kin kai Gafasa kin kashe musu ruwa."

"In ji wa?"

"In ji wadda aikinta ke nan. Ramar ta sha magani."

"Maganin jarkokin ɗanki?"

Na ɗago na dube ta.

"Kin ɗauka ke kaɗai Allah ya ba ido? Ina tatsar saniya na gan shi. Na yi shiru ne don na san ba za ki iya faɗa ba, ɗan fari ne."

Na ce ta ba ni kwana biyu, in ta kududdufi ba ta motsa ba, ni da kaina zan nemo mata wani ruwan da ba na kowa ba, ko a ina yake. Ta ce biyu, ba uku ba.

Ƙulli shida, na ɗaga faifan ta kududdufi na ga ƙwayar kumfa uku sun taso daga taɓo, ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a ƙasa ina kallonsu kamar mai jiran jariri ya yi kuka. Ƙulli bakwai, ɗoyi. Ɗan kaɗan ne, amma shi ne, na san shi kamar muryar uwata. Ta biyun mai ludayi ba ta kai nan ba tukuna, sai dai warin maganinta ya yi rauni ƙwarai. Mai jan tsumma kuwa tana nan kamar ranar da na zuba.

To, na samu amsata. Dangin kaza ne, amma kaza mai tauri, kuma ba ya ciwuwa sai da masu ci. Masu cin da ke kududdufinmu maganin ya kashe su tun ranar farko, shi ya sa ya zauna daram. Karan awo ya nuna saura kamar mako biyu a tsakiya. Rama na son kwana goma zuwa sha biyu. Ba rarar da za a yi wasa da ita.

Na aika a kira mini ɗana. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaishe ni. Ban yi masa faɗa ba. Na ce ya matso, ya buɗe tukwane ɗaya bayan ɗaya, ya sunsuna. Ya yi, yana yamutsa fuska. Da ya zo kan mai jan tsumma sai ya tsaya, don ya san warin, kullum da shi yake kwana a riga. Na jawo jarkar mai tsagaggen murfi daga bayan rumbu na ajiye a gabansa, na sa tsinke a kan kifin.

"Wannan fa?"

"Inna, na ɗauka tambarin kamfanin ne."

"Ka taɓa ganin mai sayar da kaya ya yi tambari da mushe?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Me za a yi?"

Na gaya masa. Amalanke uku na taɓo daga Gafasa, na riga na roƙi ƙanena. Yau, ba gobe ba.

Kafin la'asar ya kawo biyu, na ukun da sassafe. Shi da kansa ya shiga ruwa har gwiwa, ya jawo dammunan duka zuwa tsakiya mai zurfi, ya jera, yana watsa taɓo tsakanin kowane jeri kamar mai zuba taki. Maƙwabciyata na gaɓa tana ba da umarni kamar gonar ubanta. "Can, can, ɗan baiwata! Nawa a ƙasa, na uwarka a sama!" Ya bi umarninta. Ni ma ban hana ba, nata aka sa a ƙasa.

Daga nan sai jira, ido ɗaya a kan ruwa, ɗaya a kan karan awo. Kwana uku ba labari, har na fara tunanin ko tukunya ta yi mini ƙarya, don tukunya ƙarama ce, kududdufi kuwa babba. Rana ta huɗu ina shara a tsakar gida iska ta juyo daga yamma. Na ajiye tsintsiya. Sai na ji wata mata a hanya tana cewa, "Kai, tsofaffin nan sun fara ɗoyinsu." Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Ba duka muka samu ba. Ruwan ya riga mu zuwa jerin sama, dami shida suka fito fili suka bushe da ɓawonsu, duka nawa. Sauran ranar kwana goma sha biyu muka fara saɓule su, ruwan iya ƙwauri, muna yi muna tsere da rana. Zaren ya fi na kullum duhu. Da ya bushe na tuƙa igiya ɗaya, na ba Bafulatana baki ɗaya na riƙe ɗaya, muka ja iya ƙarfinmu har ta zame ta zauna a ƙasa tana zagin kakannina. Igiyar ba ta tsinke ba.

'Yata ta zo bayan mako biyu da kwalabenta a cikin akwatin sanyi. Ta ɗebi sauran ruwan kududdufi, ta ɗebi na tukwane. Na ce ai magana ta ƙare, rama ta ruɓe. Ta ce ruɓewar rama ta nuna masu aikin sun dawo, ba ta nuna maganin ya ƙare ƙaf ba, wani yakan karye ne ya zama wani abu dabam, a ci gaba da hana awaki har damina. Na so in yi musu, sai na tuna ni ma ba na karɓar magana da zato. Na tambaye ta wanda aka cinye ɗin ina ya tafi. Ta ce yawanci iska yake zama da ruwa. Wannan ban gani da idona ba, na dai ajiye shi a inda nake ajiye abin da aka gaya mini.

Da ta buɗe mai jan tsumma ta kawar da kai da sauri. Fiye da wata guda, warin na nan da ƙarfinsa, karan ciki ko laushi bai yi ba. Duk gidan nan ba tukunyar da na wanke kamarta. Ta juye ruwan a jarkar mai kifi, ta ɗaure bakin da leda, ta ce a wurinsu akwai yadda ake yi da irinsa. Tukunyar kuma ta ce a fasa, kada wani ya yi girki. Na fasa, na binne gutsattsarin a bayan gari.

Ɗana har yanzu yana sayar da jarkoki a Ajingi. In ya sauke kaya daga motar Kano nakan bi ta zauren kamar mai neman kaza, in duba jikinsu ɗaya bayan ɗaya. Tun daga shekarar ban sake ganin kifin ba.

Dami shidan da suka bushe kuwa, da su na hura wuta har bazara.